Maman Peace da Kaji Masu Jan Zare

Idan ka shiga Samaru ka tambayi gidan Susanna, da wuya a gane wadda kake nufi. Amma ka ce Maman Peace mai kaji, ko ɗalibin da ya kama ɗaki jiya zai nuna maka ƙofar. Tana can bayan layin masu gyaran babur, ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti, kuma tun kafin ka yi sallama za ka ji mazauna gidan suna ta kyarkyara.

A wani ƙauye da ke yamma da Zariya aka haife ta. Mahaifinta, Sati, manomin dawa ne da ya riƙe addinin kakanninsa har furfura ta gama rufe masa kai, sannan wata Lahadi ya ɗauki sandarsa ya bi 'ya'yansa coci ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. Susanna ta ce taurin kanta a wurinsa ta gada, son kaji kuwa a wurin uwarta, wadda ta ba ta 'yar budurwar kaza tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba.

Aure ne ya kawo ta Samaru. Mijinta Filibus kafinta ne, kuma a garin da ɗalibai ke karya gado da kujera kowane zango, kafinta ba ya zama haka nan. Ita kuma ta kafa tebur a ƙofar gida tana sayar da kunu da dafaffen ƙwai. Da teburin nan da gudumar Filibus suka yi wa yara huɗu makaranta. Babbar, Peace, nas ce yanzu a Kaduna. Da yaran suka watse, kajin suka gaje tsakar gida, suka gaje sunaye, har da faɗan da a da yara ke sha. Akwai zakara Ƙararrawa, da Amarya, da Gurguwa wadda ƙafarta lafiya lau, da wata wake-waken kaza mai suna Lauya, don ba a taɓa yin magana a gidan ba ta sa baki ba.

Abu ɗaya ne ya hana Susanna jin daɗin kiwonta. Kusan kowace shekara, da sanyi ya shigo, daidai lokacin da kaji suka yi ƙiba ana jiran masu sayen na Kirsimeti, sai annoba ta faɗo unguwa. Kaza ta yi jugum, ta saki fuka-fuki, ta kama koren zawo, wata har wuyanta ya murɗe. Kafin a ankara akurki ya zama wayam. Babu abin da ba ta gwada ba: barkono a ruwa, toka, ɓawon maɗaci, jan kafso. Ta san akwai rigakafi, amma yana zuwa ne a 'yar kwalba da dole ta zauna a firij, kwalba ɗaya kuma ta ɗaruruwan kaji ce, in an buɗe sai a ƙarar a take. Wata shekara ta daure ta je Sabon Gari ta sayo, ta saka a flas da ƙanƙara. Keken hayar da ta hau ya lalace da su a Kwangila, aka yi ta jiran makanike a rana, kafin ta iso gida ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi. Ta ɗiga wa kajin duk da haka, suka mutu duk da haka.

A irin wannan lokaci ne Dokta Eniola ta fara shigowa gidan. Malama ce a jami'a, ɓangaren haɗa magunguna, Bayarabiya haihuwar Sabon Gari, wadda Hausarta ta fi Yarabancinta tsayuwa. Kazar Hausa ta zo saye don farfesu, sai ta tarar da Filibus yana haƙa rami a bayan ɗaki, Susanna na tsaye da kwando cike da matattun kaji. Ba ta samu kaza ba, amma ta samu kujera ta zauna, ta yi ta tambayoyi. Yaushe ciwon ke zuwa, me ake ba su, sau nawa suke cin abinci, wa ke da firij a layin. Susanna ta ɗauka irin jajen 'yan boko ne, ta amsa mata sama-sama, ta sallame ta da ƙwai.

Sai bayan damina ta sake ganinta, riƙe da wata 'yar roba. A ciki akwai wasu fararen ƙwayoyi ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba.

Eniola ta ce, "Mama, maganin rigakafin nan abu ne mai rai, zafi ke kashe shi. To riga nake ƙoƙarin ɗinka masa. In ya sa rigar, zai iya zama a ɗaki ba firij. Kaza ta haɗiye shi, ya wuce ƙundu lafiya, sai ya isa hanji rigar ta narke ya fito ya yi aikinsa."

Susanna ta tambayi da me ake ɗinka rigar. Da ta ji ƙaro ne da sitacin rogo da wasu 'yan abubuwa, sai ta yi dariya har tana riƙe ciki. Ta ce ita fa sitaci ɗankwalin Zumuntar Mata take sa wa, ƙaro kuwa a hannun masu yin tawada ta san shi. Eniola ta ce su ɗin ne dai, an wanke su ne kawai an tace fiye da yadda aka saba. Ta ce sun gwada a kajin da suke tsarewa a keji a makaranta, abin ya ba su ƙwarin gwiwa, sun kuma samu izinin gwadawa a gidaje. Amma kazar keji daban, kazar tsakar gida daban. Ba ta yi alkawarin zai yi aiki ba. Abin da ta yi alkawari shi ne, in an gama gwaji, ita da kanta za ta kawo rigakafin kwalba a akwatin sanyi ta ɗiga wa kowace kaza a gidan.

Susanna ta dubi Filibus. Filibus ya ce shi dai ya gaji da haƙa rami.

Rigimar farko ta tashi ne da aka zo maganar raba kajin. Za a kasa su biyu, a ɗaura wa wasu jan zare a ƙafa, wasu shuɗi. Kashi ɗaya za su ci ƙwayoyi masu magani, ɗaya kashin kuwa riga ce zalla, ba kowa a ciki. Kuma ba za a gaya mata wane ne wane ba. Susanna ta miƙe tsaye. Ta ce ita ba ta taɓa raba tuwo ta ba wani ɗa miya ta hana wani ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Eniola ta bar ta ta gama, sannan ta ce in aka ba kowa, kaji suka yi lafiya, ba wanda zai san ko maganin ne ko kuwa shekarar ce ta zo da sauƙi. Ta ƙara da cewa ita ma ba ta sani ba, wani abokin aikinta, Martins, shi ke ɗaure ƙullin, ya kuma rufe bakinsa sai ranar ƙarshe.

"To ki ce masa ya sa Lauya a cikin masu magani," in ji Susanna.

"Mama, ko ni ba zan iya ce masa haka ba."

Aka yi ƙuri'a da tsinken tsintsiya, Lauya ta faɗa shuɗi. Filibus ya raba tsakar gida da raga da ragowar katako, ya yi ƙofa biyu, har da sakata. Ya daɗe bai samu aikin da ya yi masa daɗi haka ba. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa yadda sakatar ke shiga ba ƙara.

Ranar da aka fara ba su, Eniola ta zo da sassafe ta tsuguna tana kallo. Aka watsa gero gauraye da ƙwayoyin. Kaji suka rufa a kai, ba a jima ba suka watse. Da aka duba ƙasa, sun tsince geron tas, sun bar fararen ƙwayoyin nan reras kamar wani ya zauna ya ware su da hannu. Lauya ta ɗauki ɗaya a baki, ta juya kai ta dubi Dokta, ta yar. Eniola ta ce shekara biyu tana fama da zafi da ƙundu, bai taɓa zuwa mata a rai cewa kaza za ta ce ba ta so ba. Na keji duk abin da aka zuba musu ci suke yi.

Ta koma ta sake dabara. Maimakon ƙwayoyi daban, sai ta riƙa lulluɓe tsakin masara da abin, ya zama kaza ba ta da yadda za ta ci tsaki ta bar riga. Wannan karon suka cinye. Daga nan aka bar wa Susanna aikin: ƙullin ja ga masu jan zare, shuɗi ga masu shuɗi, da safe kafin su ci komai.

Labari ya bazu a layi. Bibiana, maƙwabciyarta kuma abokiyar zamanta a benci ɗaya a coci, ta leƙo ta katanga ta ga ana zuƙar jini a fiffiken kaza da 'yar allura, Susanna na riƙe da ita ta kau da kai tana ba ta haƙuri. Kafin azahar an ce 'yan jami'a na sayen jinin kaji. Wasu suka daina sayen ƙwai, wasu kuma suka fara, musamman ɗalibai, waɗanda suka sa masa suna ƙwan Dokta, suna cewa yana buɗe kai lokacin jarrabawa. Susanna ba ta ce yana yi ba, ba ta ce ba ya yi ba.

Da sakamakon jinin ya fito, babu komai. Ja da shuɗi duk ɗaya, ba alamar garkuwa a jikin ko guda. Eniola ta zo ta zauna a kujerar nan ta ranar farko. Susanna ta dama mata kunu, tana lallashinta, tana cewa ita dai Allah ya gani ba ta taɓa fashi ba. Kullum sai ta tashi ta ɗora ruwa, ya yi zafi sosai, ta kwaɓa musu tsakin da dusa, don da sanyin safiya kaza ta fi son abu mai ɗumi.

Eniola ta ajiye kofin. "Ruwan zafi, Mama?"

"To da na sanyi zan ba su, a wannan sanyin?"

Nan Eniola ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Susanna ta ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce, ko da yake har da 'yar ƙwalla. Ruwan ya narkar da rigar tun a kwano, ya dafa abin da ke ciki. Da Susanna ta gane, sai ta ji kunya ta kama ta, ta ce ai da an faɗa mata. Eniola ta ce gaskiya ne, ita ce ba ta faɗa ba, don ba ta taɓa tambayar yadda ake kwaɓa dusa ba. Ta ce gara da aka gano a gida ɗaya, domin duk matar da za a ba abin nan wata rana sai ta jiƙa shi. Ruwan zafi dai ba maganinsa sai a hana, amma dole rigar ta iya jure laima ko ta ɗan lokaci.

Ta cika alkawarinta, ta kawo na kwalba a akwatin sanyi ta ɗiga wa kowa a ido. A shekarar annoba ta shigo layin ta yi wa Bibiana sharar akurki, amma a gidan Susanna kaza uku kawai ta ɗauka. Karon farko ke nan cikin shekaru da ta sayar da kajin Kirsimeti har ta aika wa Peace biyu a mota. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ƙwayoyin Dokta ne. Eniola ta gyara mata, ta sake gyara mata, cewa na kwalba ne ya yi aikin, nata bai ma shiga jikinsu ba. Susanna ta ce ta ji, ta ci gaba da faɗin abin da take faɗi.

Shekarar da ta biyo baya aka sake, da sababbin 'yan kaji da wasu tsofaffi da garkuwarsu ta riga ta sauka, a gidaje da dama har da na Bibiana, wadda ta zo da kanta ta ce a sa ta. An ƙara wa rigar kauri. Susanna ta roƙi a bar wa Lauya shuɗin zarenta tunda ta saba da shi, aka ce ƙuri'a ce za ta faɗa, ƙuri'a kuma ta sake ba ta shuɗi. Wannan karon a bushe ake ba su, Filibus ne ma ke tsayawa a kai, yana hararar butar shayi.

Tun ba a yi nisa ba Susanna ta gama yanke hukunci: shuɗi ne mai magani. Hujjarta Lauya. Gashinta ya yi sheƙi, tukkunta ya yi ja wur, tana ƙwai ba fashi, har ta fara korar Ƙararrawa daga kwanon ruwa ta cikin raga. Ta faɗa wa Bibiana, ta faɗa wa matar fasto, ta faɗa wa Eniola tana ƙifta ido, wai ba sai Martins ya wahalar da kansa ba.

Ranar da za a buɗe sirrin, Eniola ta gayyaci matan da aka yi aikin da su zuwa ɗakin bincikenta. Shekara talatin da wani abu Susanna na zaune a gefen jami'ar nan, tana ciyar da ɗalibanta, amma iyakarta bakin get da asibiti. Ta ci ado da atamfarta ta Ista. Aka ba su farar riga suka ɗora a kai, tata ta ƙi rufuwa a gaba. Aka nuna musu tukunyar gilas da ake narka ƙaro, da injin da ke busar da abu ba tare da zafi ba, wanda Susanna ta ce ƙararsa kamar ta injin markaɗen layinsu in ya kusa lalacewa. Aka sa ta leƙa madubin ƙara girma. Ta daɗe a kai, ta rufe ido ɗaya, ta sauya ɗayan. Da ta ɗago ta ce abin kamar ƙosai ne da aka yanka biyu. Martins ya ce shi ma haka yake gani, bai dai taɓa samun ƙarfin halin faɗa a gaban ɗalibai ba.

Sannan ya faɗi abin da aka zo ji. Ja ne mai magani. Yawancin masu jan zare jininsu ya nuna garkuwa, ba ta kai ta ɗigon ido ƙarfi ba, amma tana nan, kuma daga ƙullin da ya yi makonni a kan kabad, ba firij. Masu shuɗi kuwa ƙaro da sitaci suka yi ta ci.

Eniola ta zauna a hankali a kan wata doguwar kujera tana murmushi. Matan suka yi mata barka. Susanna ita kaɗai ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Lauya fa?"

"Ba ta ci komai ba, Mama," in ji Martins.

"To ƙibar nan daga ina?"

Bibiana ta ce daga kwanon wasu. Aka yi ta dariya har wani malami ya leƙo daga ɗakin da ke kusa. Susanna ta ɗan yi fushi a hanyar gida. Da ta shiga ta tsaya ta dubi Lauya ta cikin raga, ta ce mata ta ba ta kunya a gaban mutane. Bayan nan ta kama Amarya, mai jan zare, wadda ba ta taɓa kulawa da ita sosai ba, ta shafa mata baya.

Har yau ba a sayar da tsakin nan a kasuwa. Eniola ta ce da sauran tafiya: sai an gwada a gidaje masu yawa, a lokacin zafi da na damina, sai an ƙara masa ƙarfi, sai hukuma ta duba ta amince. Ta taɓa tafiya waje na wasu watanni don wani injin da ba su da shi, ta dawo da sabon tabarau da tsarabar man zafi don gwiwar Filibus. Duk sanda take neman sababbin gidaje, Susanna take ɗauka. Sun je taron Zumunta a Dogarawa, sun je Jushi. Dokta kan yi bayaninta, mata su gyaɗa kai cikin ladabi, sannan Maman Peace ta tashi ta gyara zane. Takan fara da gaya musu cewa rabin kajinsu riga zalla za su ci, su haƙura, ba za a faɗa musu ba, kada ma su ɓata bakinsu wajen roƙo don ita ta roƙa. Takan ce kada su yarda da idonsu, kaza mai ƙiba ba ita ce shaida ba. Takan rufe da maganar ruwan zafi, tana faɗi tamkar wata mata ce can ta yi wannan ɓarna, sai Bibiana ta yi tari daga baya.

A bana Eniola ta fara maganar awaki. Akwai wani ciwo da ke kashe su, shi ma rigakafinsa ba ya son zafi, tana tunanin ko irin wannan riga za ta yi masa. Susanna ta ce a cire ta a wannan. Ita da akuya ba sa shiri tun tana yarinya, dabba ce marar kunya da ba ta san nata ba, ba ta san na wani ba. Ranar wata Juma'a sai ga Filibus ya dawo daga kasuwa a keke, rungume da 'yar baƙar akuya, ya ce ai bincike ba ya jiran ra'ayin mutum ɗaya. Kafin yamma ta cinye zogalen da ke bakin rijiya da gefen labulen ɗaki.

Susanna ta ce ba za ta sa mata suna ba, ba kuma za ta ba ta ko ɓawon rogo ba. Da na je gidan makon jiya sayen ƙwai, na tarar da ita zaune a kan turmi, akuyar ta ɗora kai a cinyarta, tana cire mata kaska a kunne tana zaginta ƙasa-ƙasa. Ta ce in na ga Dokta a makaranta in tambaye ta ko akuya ma da safe ake ba ta, kafin ta ci komai.